Ranar da Na Ciyar da 'Yan Gayya da Maganin Kaka

Wata Asabar ce cikin kakar shekarar da nake aji shida na firamare. Hantsi ya dubi ludayi, ni kuma ina tsaye a tsakar gidanmu na Kalgo ina kallon murhu babu ko hayaƙi. Can fadama maza goma sha shida suna duƙe da lauje suna yanka wa Baba shinkafa, iska tana ɗebo mana kiɗan gangarsu. A gida daga ni sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda hannunta na dama ya daɗe da sallama muciya. Inna ungozoma ce, ko hutu ta zo ba a barinta ta huta. Tun da asuba aka zo da babur aka tafi da ita Dangoma wurin wata mai naƙuda, da cewa yanzu za ta dawo. Dawar tuwon kuma tana wurin mai niƙa, injin ya yi tari biyu ya mutu, kwanon gidanmu na bakwai a layi.

Wanda bai san gayya ba zai ce ai abinci ne kawai, in ya makara a ba da haƙuri. A'a. Mutane sun bar gonakinsu sun zo maka aiki don zumunci, abin da ke kanka shi ne akushi ya isa gona kafin kiran azahar. Kuma akwai Baba Manu makaɗi, wanda bakinsa ya fi lauje kaifi. Akwai gidan da ya taɓa sa wa waƙa saboda latti, har na girma ana ce musu gidan tuwon la'asar, jikokinsu ma da sunan suka tashi. Ga shi wannan ce gayyar Baba ta farko tun da ya gaji fadamar. Shi malamin makaranta ne a Gwandu, can muke zaune, dama ana yi masa kallon ɗan bokon da alli ya lalata wa hannu. Da dare biyu kafin ranar yana ta nanata wa Inna, "Ko mi za a yi, kar a makara."

To, a Gwandu, gidajen malamai a jere suke, zana ce kawai tsakaninmu da wani malamin lissafi Ba'indiye. Matarsa ma koyarwa take yi, muna ce mata Maman Mina. Abin da ya fara kai ni jikin zanar nan gulma ce tsagwaronta. Mu gidanmu miya sai ta wuni tana tafasa, ita kuwa matar nan sai ta dawo daga aji da garin alli a hannu, kafin in gama wanke-wanke da sharar tsakar gida na ji ƙarar cokulansu. Kuma kullum kafin cokulan akwai wani "cuuu!" da wani ƙamshi da ke sa ƙannena su bar wasan langa su tsaya suna shaƙa kamar awaki. Ranar da ta kama idona a ramin zana ba ta kore ni ba, ta ce in zagayo. Hausarta gutsi-gutsi ce, amma hannunta ya iya bayani. Ta nuna mini yadda ake haɗa shinkafa da surfaffen wake a tukunya ɗaya su narke tare, a barbaɗa wani gari rawaya, sannan a soya kayan ƙamshi daban cikin man shanu a sheƙa a kai. Karatun nata duka bai wuce wannan ba: "Mai ya yi zafi, iri ya yi tsalle, zuba, rufe."

Wannan karatun ne ya faɗo mini a rai ina tsaye gaban murhun. Na leƙa ɗakin ajiya. Shinkafar bara da ta rage ba ta isa tuwon mutum goma sha shida ba, ko da akwai mai tuƙawa. Amma ga wake Inna ta surfa ta jiƙa don ƙosan gobe, ya yi fari tas, ya kumbura. Saura kayan ƙamshi, su kuma na san inda suke: cikin lefen maganin Kaka, ƙarƙashin gadonta. Abin da Maman Mina ke ci kullum, mu a wurinmu sai an kwanta ciwo ake ganinsa. Ga gangamau na masu ciwon shawara, wanda shi ne garin nan rawaya in an daka, ga hulba ta masu jego, ga citta da kanumfari na mura, ga tafarnuwa.

Kaka ta same ni durƙushe ina kwance ƙulle-ƙullenta. "Ke Dije, wa ab ba shi da lahiya?" Na ce kowa lafiya lau, abincin gayya zan dafa. Ta riƙe haɓa ta ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an dafa wa namiji abinci ba daddawa ba. Sai gangar nan ta sake tasowa daga fadama. Ta dubi inuwar katanga, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man shanunta, wadda ko Baba bai isa ya taɓa ba. Da hannun hagu ta hura mini wutar.

Babbar tukunyar suna muka ɗora. Na zuba shinkafa da wake da ruwa mai yawa, na daka gangamau na watsa, ruwan ya koma kamar rinin fata, Kaka ta yi salati. Na yanka albasa ina hawaye, rabi na albasa rabi na tsoro. Wake da ba shi da ɓawo ba ya gardama, kafin in gama jiƙa tsamiya ya narke. Sai na ɗora kasko, man shanu ya narke, na jefa hulba ta fara tsalle, na bi da albasa da tafarnuwa da citta da barkono, na ɗauko da tsumma na sheƙa a tukunya. Cuuu! Kaji suka watse. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar me ya ƙone, da ta shaƙa sai ta zagayo da kanta, ita ce ma ta taya ni ɗaukar fanteka ɗaya.

Mun isa gona inuwa ba ta gama shigewa ƙarƙashin ƙafa ba. Maza suka aje lauje suka zauna gindin ƙirya. Da aka buɗe, sai kowa ya zuba wa fanteka ido. Abu ne rawaya shar, ba tuwo ba, ba fate ba, ba dafa-duka ba. Baba ya dube ni, ya dubi abincin. Baba Manu ya leƙa ya ce, "Malam, wa ac ce maka shawara muka yi?" Aka fashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗiba kaɗan kamar mai ɗanɗana guba. Ya tauna. Ya sake ɗiba, wannan karon da yatsu huɗu. Sai da ya kai loma ta biyar ya ɗago yana gumi ya ce wa na kusa da shi, "Kai matsa, hannunka ya cika girma." Ana suɗe fanteka ladan ya kira azahar.

Waƙa dai an yi ta, amma ta yabo ce. Da yamma ana ɗaure dammunan shinkafa yana kaɗa wa ɗiyar Malam mai tukunyar zinariya, Baba yana ta gyara hula kamar shi ya dafa. Inna ta dawo bayan la'asar da labarin tagwaye, Kaka ta tare ta tun daga zaure tana cewa ai ita ta ba da man.

Na yi yawo bayan nan, har Allah ya kai ni Indiya jinyar maigidana. A asibitin aka kawo masa abin nan nawa, rawaya, ruwa-ruwa. Na tambayi wata nas, ta ce ai abincin marasa lafiya ne da jarirai masu koyon ci. Na yi dariya har maigidan ya tsorata. Ashe Kaka da Baba Manu duk sun fi ni gaskiya.

Yanzu in na dawo aiki a gajiye, kan gas nake yin sa kafin yara su cire kayan makaranta, su ci suna latsa waya. Fadamar tana nan, amma inji ke yanke ta cikin rabin wuni, direban ya zo da burodinsa a leda. Ba ganga, ba mai jiran akushi, ba wanda zai sa ka a waƙa ko ka makara. An huta da tsoron bakin makaɗi, amma ni da za a sake ba ni tsoron nan, da na karɓa.