Ranar da Baba Ya Tashe Mu Gaba Ɗaya

Wata safiyar Litinin a daminar 1975, a gidanmu na Abakpa, Baba ya tsaya tsakar gida ya daka tsawar da na rantse har Hayin Banki an ji: "Kowa ya tashi ya kama aikinsa!" Inna ta tafi suna Zariya, ga shi ranar yayata Binta za ta rubuta jarabawar shiga sakandare, wanda ya makara kuwa sai baɗi.

Ita Inna ba ta tashin mu tare. Binta take fara tasa ta hura wuta. Sai itace ya kama, ni in ɗebo ruwa a famfon bakin titi, sannan mai dama koko. Mai guga ne na ƙarshe, don dutsen guga garwashi yake ci. Ƙanana kuwa bi da bi, yadda tabarminsu suke jere daga bakin ƙofa. Takan ce, "Wanda aikinsa bai nuna ba, barcinsa ma taimako ne."

Baba, akawun gwamnati, gani yake ɓata lokaci ne. Ya ce Binta ta zauna ta yi bita, ya manta wuta aikinta ce. To fa! Mai guga ya tsugunna gaban murhu mai sanyi, mai koko na riƙe da ludayi tana jiran ruwa, ni ina jiran bokiti, bokitin kuma Baba ya shige bayi da shi yana kiran a kawo ruwan zafi. Binta ta dubi rigar makarantarta a yamutse kamar akuya ta tauna, ta share hawaye ta ce, "Baba, don Allah miƙo bokitin. Ku kuma ku koma ɗaki." Ta hura wuta, ta kira mu ɗai-ɗai. Baba ya kai ta a babur, ko wanka bai yi ba, ana shirin rufe ƙofa. Ta kuwa ci.

Yau aikina kwamfuta ne. In an kunna ta, zuciyar manhajarta, wadda muke kira kanal, daki-daki take tashin sassanta: mai rabon wurin ajiya, sai agogo, sai hanyoyin cikin inji, sannan masu kula da faifai da madannai. 'Yan sahu ɗaya kuma bi da bi take tashin su, yadda aka jera su wajen haɗa ta. Wanda ya riga abin da ya dogara da shi, inji ya sandare. Kafin in kai shayi baki ta gama, ba hayaƙi ba hayaniya. Sai dai ba ta dafa kafaɗar kowa kamar Inna ta ce, "Tashi, ɗan albarka." Sauri kam na samu, wannan hannun ne babu.