Bindigar Yaya Sani

Kakarmu Inna Delu ba ta fara tatsuniya sai tuwo ya sauka, ta ja garwashi gefe tana gasa mana gyaɗa. Ni da Yaya Sani mukan yi ta ture juna a kan tabarma, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani, sai ta ce, "To, ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba na komawa baya."

Akwai wadda na tsana, ta maharbin da ya mutu ya bar 'ya'ya uku da bindiga ɗaya. Wajen rabon gado kowa ya ce tasa ce, har aka fara zare ido. Uwarsu ta kai wa maƙeri ya ɓalle ta: babba ya samu bututun, na tsakiya ƙotar, auta kunamar. Da kura ta shigo garke, kowa ya fito da guntunsa, tana kwasar tumaki suna kallo.

"Wannan uwa wawuya ce!" in ji Yaya Sani.

Inna ta juya gyaɗa. "Ɗan nan, tumaki ne suka tafi. Da safe 'ya'ya nawa ta zuba wa koko?"

Yaya ya girma da son bindiga. Da ya koma ƙasar waje ya zauna a garin Manassas, ya sayi tsohuwa, irin wadda aka ce kakanmu ya riƙe a yaƙin Bama. Duk Asabar yana gareji yana shafa mata mai, har ƙotar ta yi baƙi daidai inda tafinsa ke zama.

Bara muka binne shi. Ni na so a adana bindigar yadda take, domin nan kaɗai nake ganin hannunsa. Wani mai gyaran bindigogi kuma ya ce masu tara kayan da za su sayi sassanta ɗaya-ɗaya. Na ce Allah ya kiyaye.

Sai matarsa ta kira ni. Ɗansu Amir ya daina magana da kowa tun rasuwar.

"Baffan Amir, sau biyu ina samunsa a gareji ya rungume bindigar. Wallahi ba na iya barci."

Washegari na kai ta wurin mai gyaran aka warware. Ina tsaye mutumin yana cire kusoshi, zuciyata na ƙuna kamar sabuwar jana'iza. Ƙotar kawai na dawo da ita, na miƙa wa Amir. Ya ɗora tafinsa a kan baƙin wurin, ya fashe da kuka.

Inna ta daɗe a ƙasa. Sai yanzu na ba ta amsa: uku ta zuba wa.