Rufin da Ogutu Ya Buga

Duk Uyoma ba wanda bai san Nyar Seme ba, wato 'yar Seme, mai shanyar ƙananan kifin omena a bakin tafki. Sunanta na yanka Peres Ajwang', amma tun da aka kawo ta aure daga Seme ba mai kiranta da shi sai fasto. Ni da ita muka tsufa a wurin shanya ɗaya, don haka na san taurin kanta kamar yadda na san ciwon gwiwata.

Mijinta Ogutu ne ya buga rufin kwanon ɗakinta da hannunsa, ana saura damina guda tafki ya ci shi. Da aka share makoki, dangi suka fitar mata da ƙanen mamacin ya gaje ta, yadda aka saba. Ta ce a'a. Ba faɗa, ba kuka, ta ɗauki kwandonta ta nufi bakin ruwa. Sai dai ƙin nan yana da wutsiya. A wajenmu, namijin da ya hau rufin ɗakin mace ya buga ƙusa, shi ne maigidan, ɗan cikinta kuwa ba ya hawa ko kusa. Haka rufin ya zauna yadda Ogutu ya bar shi. Da ya fara yoyo ta tara roba, da yoyon ya ƙaru ta ƙara robobi.

Sai ga sola ta shigo mana. Da fari makaranta ce da asibiti, kafin ka ankara kowane rufi ya ɗauki farantin sola, har ɗakunan jinka. Gidan Ogutu kaɗai ya rage da aci-balbal. Ba rashi ne ya hana ba, ɗanta Obura ya riga ya kawo faranti biyu yana ajiye da su. Amma sabon abu ɗakin uwa yake fara shiga kafin na ɗa, kuma Obura ba zai tsallake uwarsa ya jawo wa 'ya'yansa chira ba, ciwon nan mai ramar da mutum. Uwar kuma ta ce ba mai hawa mata rufi. Ana nan 'yar autar Obura ta kamu da tari mai shaƙe ƙirji, a asibiti aka ce a raba ta da hayaƙin kananzir.

Ina zaune a tsakar gidan ranar da matar Obura, Adoyo, ta kawo mai haɗa sola daga Bondo, da tsaninsa a kafaɗa.

"Mama, ki duba yarinyar nan," in ji Adoyo. "Numfashinta kamar ana busa kwalba."

"Ina jin ta, 'yata. Ba kurma ba ce ni."

Mai solar ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, 'yan ƙusoshi kawai zan buga in sauka. Ba neman aure na zo ba."

"Kai ka san haka. Mutanen kasuwa sun sani? Jingine tsanin nan a jikin mangwaro, ɗana, ka zo ka sha shayi."

Ya sha shayinsa ya tafi. Adoyo ta shige ɗaki tana share hawaye. Ni kam ranar haushin ƙawata ya cika ni, har na faɗa mata a fuska cewa mamaci ba ya tari. Ta dube ni kawai.

Washegari muna juya kifi a kan raga, sai ta kira ni yadda ake kirana, wato uwar Akumu, ta ce, "Min Akumu, shi wannan farantin me yake ci?"

"Rana yake ci."

"Rana kaɗai? Ba ruwansa da sama ko ƙasa?"

"Ina zan sani? Ni na ƙera shi?"

"In rana ce abincinsa, ai omena ne," ta ce, ta ci gaba da juya kifinta.

Ta aika aka dawo da mai solar, ta ce ya bar tsani a gida, ya zo da doguwar waya. Ya ce ba a yin haka, awaki za su taka, ɓarayi za su ɗauke. Ta ce ta yi shekaru tana gadin kifi daga shirwa da kyanwoyin Uyoma, akuya ba ta isa ba. Ya haɗa mata batir a ƙarƙashin gado, ya rataye ƙwan fitila a jikin azara daga ciki, ya miƙa mata farantin a hannu.

Tun daga nan, kowace safiya sai ta fito da shi ta jingine a kan tsohon turmi, ta goge shi da gefen zani. In rana ta juya ta juya shi, in za ta bakin ruwa ta bar wa Adoyo amana. Masu wucewa na tsokanarta, "Nyar Seme, na jiya bai bushe ba?" Ta ce, "Da saura, ku dawo gobe."

Amma abin da ya tsaya mini a rai yammacin farko ne. Rana ta faɗi, muka taru a ɗakinta don ta fara kunnawa, Obura ya samu ya kunna nasa. Ta danna da ɗan yatsa. Farin haske ya cika ɗakin, ya hau har sama, inda aci-balbal ba ta taɓa kaiwa ba. Duk muka ɗaga kai. Gara ta cinye azaru, tsatsa ta huda kwanon ko'ina, wani gefen ma ya lotsa, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi. Ba sai an gaya wa kowa ba, rufin nan ba zai ga damina da yawa ba.

Obura ya buɗe baki, ta riga shi.

"Na gani. Je ka kunna naka, yarinya na jira."

Suka fita. Jim kaɗan muka jiyo ihun yaran, hasken ɗakinsu ya faɗo tsakar gida. Ita kuwa tana zaune a bakin gado, idonta na kan layin ƙusoshin da Ogutu ya buga, masu ɗan karkata hagu domin bahago ne. Tausayinta ya kama ni, na ji kunyar maganar da na faɗa mata.

"Min Akumu," ta ce a hankali, "ke kin fi ni tsawo. Sauko mini da ƙwan nan, ki rataye shi a bango, ki kifa masa kwano a kai."

"Hasken zai ragu fa."

"Ƙasa nake son gani."

Na sauko da shi na kifa masa kwanon. Saman ɗakin ya koma duhu, ita kuma ta tashi ta gyara zaman robobinta, don hadari ya taso daga wajen tafki.