Wandunan Mutanen Kansila

Na tafka wauta da yawa a rayuwata, amma wadda na yi shekarar da sojoji suka koma bariki, ko an binne ni unguwarmu Gwammaja ba za ta manta ba, balle ni.

Ni tela ne. Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bayan katanga na yi shi. Da siyasa ta dawo ɗinki ya buɗe, sai na sayi tsohuwar kwamfuta don kawai telan da ke kallon shagona ya ji haushi. Na kwashe awon mutane daga littafi na zuba a gidajen nan na cikinta masu kama da na dara, suna a gida ɗaya, wuya, hannu, tsawon riga, tsawon wando, kowa da layinsa. Littafin kuwa na ba mai ƙosai ta yi ƙunshi. Dubi hankali!

Akwai wata malama da ke koyar da kwamfuta wajen Ƙofar Na'isa. Na je na ce ta haɗa mini abin nan da suke kira makro, wanda kana dannawa zai jera sunaye bi da bi.

Ta ce, "Baba, ka zo sati biyu ka fara sanin yadda ake ba ta umarni. Ba ta da tunani, abin da aka ce mata kawai take yi."

Na ce, "'Yata, da furfurata zan zauna benci? Maɓalli nake so, ba lacca ba."

Ta haɗa, ta ce kada in taɓa tsarin gidajen. Na ce to, irin to ɗin da kunne ba ya ji.

Sai ga sabon kansila ya kawo aikin mutum arba'in, na ranar rantsar da shi. Ni kuma don tsiya, na ƙara gida ɗaya kusa da sunaye, ina rubuta laƙabin da nake wa kowa: Tulu, Sandar Rake, Gajere Sai Baki. Na danna maɓalli, sunaye suka jeru tsaf, har na kira maƙwabcina ya zo ya ga ilimi. Ashe gida biyar aka faɗa wa kwamfutar ta ɗauka, ni kuma na mayar da su shida. Tsawon wando, da yake shi ne na ƙarshe, ya tsaya inda yake kowa ya wuce shi, kowane suna ya faɗa kan wandon wani.

Haka na yanka shadda, kaina a sama.

Safiyar rantsuwa suka cika shagon. Sandar Rake ya fito wandonsa a ƙwauri kamar zai tsallake kwata. Shi kansilan, gajere ne, yana taka ƙafar nasa. Yana duba takardar da na buga don ya gano kuskuren, sai ya ci karo da laƙabinsa.

"Wane ne Gajere Sai Baki, Alhaji?"

Na ce inji ne ya rubuta. Ko kazar unguwa ba ta yarda ba. Aikinsu gaba ɗaya ya koma shagon da ke kallona, har yau.

Na tafi wurin malamar ina kumfar baki, wai abinta ya cuce ni. Ta duba, ta nuna mini gidan da na cusa, sannan ta ce, "Baba, in mutum bai san awo ba ya ce ka miƙo masa almakashi da shadda, kai za ka ba shi?"

Na gyara hulata na fito.