Hansai Mas'udu, 'Yar Wasan da Ba a Sallama Ba

Haihuwa da asali

An haifi Hansai a unguwar Yalwa ta birnin Garwa, a ƙasar Kamaru, a shekarar 1981. Mahaifinta shi ne Malam Mas'udu mai atamfa a babbar kasuwa, wanda kakansa ya zo daga Katsina da fatauci ya zauna a bakin kogin Binuwai, mahaifiyarta kuwa Aisatu, Bafulatana ce daga Poli. Ita ce mace tilo cikin 'ya'ya biyar, saboda haka ta tashi tana buga ƙwallon tsumma da yayyenta a bayan gida, ba tare da kowa ya ɗauki lamarin da muhimmanci ba.

Karatu da zaɓen ƙungiya

Ta yi makarantar allo, sannan aka sa ta a ekol, wato makarantar boko, a 1987, ta gama firamare a 1993 ta shiga sakandare, wadda ake kira lise. A nan ne malamar motsa jiki, Madam Albertine, ta lura da ƙafar hagunta, ta taka har shagon Malam Mas'udu ta nemi ya ba ta yarinyar a ƙungiyar 'yan mata ta makarantu. Ƙungiya ce matalauciya, ƙwallo biyu gare ta, amma kwamitin iyaye ne ke tafiyar da ita, kuma kowace yarinya ita ke riƙe da lisans ɗinta, wato katin shaidar ɗan wasa.

A daidai wannan lokaci Alhaji Wada, attajirin da ke jigilar kaya tsakanin Garwa da Kuseri, ya kafa tasa ƙungiyar mata mai suna Shamuwa, da sababbin riguna da motar kai 'yan wasa. Sahu ɗaya suke tsayawa da Malam Mas'udu a masallaci shekara ashirin, kuma ya yi alkawarin cewa yara za su yi wasa da dogon wando da ɗankwali. Malam Mas'udu ya ce da na gida ake cin tuwo, kuma a watan Oktoba na 1994 ya sa hannu a takardar Faransanci mai shafi uku wadda bai karanta ba, domin a ganinsa neman a karanta masa rashin yarda ne da abokin sahu. Takardar ta tanadi cewa Hansai ba za ta buga wa wata ƙungiya ba sai da takardar sallama mai sa hannun shugaba da hatiminsa, ko kuwa in an rushe ƙungiyar a hukumance.

Shekarun wasa

Daga 1995 zuwa 2004 Hansai ta buga wa Shamuwa lamba goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya gan ta a wancan zamani ya san ba a yi kamarta ba daga Ngaundare har Maruwa. Ta ci ƙwallo goma sha tara a kakar 2001, aka ɗora mata kyaftin, ta bar lise a ajin ƙarshe saboda tafiye-tafiyen wasa, abin da mahaifiyarta ba ta yafe wa kowa ba har ta koma ga Mahaliccinta. A 2003 ƙungiyar ta hau rukunin farko na ƙasa, aka zaga gari da babura ana ta oda.

Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, Shamuwa ba ta da kwamiti, ba ta da fili, ba ta da kowa sai Alhaji Wada. A damanar 2004 manyan motocinsa biyu suka kife da kaya a hanyar Kuseri, kasuwancinsa ya durƙushe, motar 'yan wasa ta koma ɗaukar albasa. Kafin a shiga wasa na bakwai na kakar, kociya ya tafi, 'yan mata suka watse, wasu talla, wasu gidan aure.

Neman sallama

A watan Janairu na 2005 wata ƙungiya ta Duwala ta aiko tana son Hansai, da masauki da albashi, sharaɗi ɗaya kawai, ta zo da takardar sallama. Tana da shekara ashirin da huɗu. Malam Mas'udu ya je wurin Alhaji Wada, ya zauna a tabarma, aka sha shayi, aka yi hirar farashin gyaɗa, sai da zai tashi ya ambaci abin da ya kawo shi. Alhaji ya ce, “Haba Malam Mas'udu, wa ya ce maka Shamuwa ta mutu? Hutawa muke. Baɗi za mu dawo, kuma da wa zan dawo in na saki kyaftin?”

Wanda ya san attajiran kasuwarmu ya san ma'anar wannan magana. Attajiri ba ya furta cewa ya karye, ko da tukunyar gidansa ta kwana uku ba ta hau murhu ba, kuma sallamar Hansai daidai take da shela a kasuwa cewa Wada ya ƙare. Don haka duk shekara sai ya tura a sabunta sunan ƙungiyar a ofishin wasanni, ƙungiyar da ba ta da ko ƙwallo ɗaya. A takarda Shamuwa tana raye, a fili kuwa awaki ne ke kiwo.

Madam Albertine ta rubuta ƙara da hannunta, ta ce in uban yarinya ya sa hannu, za a iya tilasta sallamar cikin wata uku. Malam Mas'udu ya ƙi, ya ce ba zai kai abokin sahunsa gaban hukuma ba saboda wasan yara, da wane ido zai dube shi da asuba? Hansai ta durƙusa ta ce, “Baba, kunyarsa kake ji, ni fa ƙafata ba za ta jira ba.” Ya amsa mata da kalmar Fulatancin da ake rufe kowace magana da ita a Garwa, munyal, wato haƙuri. Ita kuma ba ta iya tsallake mahaifinta ta kai ƙarar da kanta ba. Mutanen Duwala sun jira kaka biyu, suka ɗauki wata. Kaico, wannan ƙafa ba ta sake buga wasan hukuma ko ɗaya ba.

Aure da 'ya'ya

A 2008 ta auri Bilya Bukar, makanikin babura a unguwar Rumde Ajiya, mutum mai sanyin hali. Ta kama sana'ar ɗinki, akasari kayan makaranta. Malam Mas'udu ya rasu a 2012, kuma an ce a jinyarsa ta ƙarshe ya nemi gafararta, ta ce ta yafe, amma ba ta sake shiga filin wasa ko don kallo ba sai da 'yarta ta fari, Sa'adiya, ta kai shekara goma sha biyu da irin ƙafar hagun nan sak.

Daga 2021 Hansai ta shiga yawon duba ƙungiyoyin yara mata, huɗu a Garwa, biyu a Maruwa. Ba ta tambayar riguna ko mota. Tambayarta ita ce wa ke riƙe da katin yarinya, kuma wa zai sa hannu ran da mai ƙungiya ya faɗi. Ƙungiyar Madam Albertine ta riga ta mutu da ritayarta, sauran kuwa kowace a aljihun mutum ɗaya take, biyu ma sun watse kafin ta gama bincike. Sai ta riƙa horar da Sa'adiya da kanta da yamma a rairayin bakin kogi, ta kuma gaya wa mijinta a gaban shaidu cewa kada ya sa hannu a takardar kowa.

Rasuwa

Hansai ta kamu da ciwon ƙoda a ƙarshen 2022, ta yi jinyar wata biyar, Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, tana da shekara arba'in da biyu. An yi mata salla bayan azahar, aka binne ta kusa da mahaifinta. Alhaji Wada, wanda arzikinsa ya farfaɗo a hannun 'ya'yansa, ya tsaya a sahun gaba, kuma a wurin zaman makoki ya shaida wa jama'a da hawaye cewa marigayiya 'yar amana ce, shekara ashirin da takwas tana Shamuwa ba ta taɓa komawa wata ƙungiya ba.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Sa'adiya, mai shekara goma sha huɗu, sai Sulaimanu, sai autansu Ilyasu. Ranar addu'ar bakwai Alhaji Wada ya riƙe hannun Bilya ya ce zai tada Shamuwa don tunawa da Hansai, a ba shi Sa'adiya ta gaji lambar uwarta. Bilya ya sunkuyar da kai ya ce zai yi shawara, domin Alhaji dattijo ne, kuma shi ya kawo shinkafar sadaka. Takardar da Alhaji ya aiko a sa hannu tana gidan har yau, kuma Bilya bai ce a'a ba. Allah ya jiƙan Hansai, ya sa ta huta.