Hannun Hagu a Aljihu

Abin da zan faɗa muku ya same ni ne a Kafanchan, shekarun baya, lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare wajen Manchok, ranar Asabar kuma ina gyaran talabijin. Allah ne shaidata, da rana tsaka ne, ban sha komai ba sai kunu.

Wata tsohuwa ce ta aiko a kira ni, Mama Nkem, Inyamura, matar wani marigayi ma'aikacin reluwe. A ɗakin baya tana da akwatin gem irin na dā, na wasan yara a allon talabijin, mai tsayin mutum, wanda mijinta ya taɓa ajiyewa a shago. Jikokinta za su zo Kirsimeti, tana so su ga abin kakansu yana aiki.

"Tica, hoto ne yake rawa kamar ta sha burkutu," in ji ta. Ta koma tsakar gida wajen ganyen miyarta.

Na kunna, hoton ya tsuke yana karkarwa, alamar wutar da ke ciyar da allon ta yi ƙasa. Maganin ba wuya: ka buɗe baya, ka ɗora mita, ka murɗa wani ɗan kunne da sukudireba har wutar ta hau inda ya kamata. Tunda a baya kake, sai ka jingina madubi a gaba don ka riƙa hango hoton. Doka ɗaya ce, wadda nake rera wa ɗalibai har suna kwaikwayona: hannun hagu a aljihu. In wuta ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta kan zuciya take bi, kuma ba ta sallama.

Mita ta nuna ɗari da biyar, ina neman ɗari da ashirin da uku. Ina murɗawa a hankali, ido ɗaya a mita, ɗaya a madubi, sai baƙar wayar mitar ta zame daga inda na maƙala ta. Na mayar, ta zame. Na sake, ta sake zamewa. Ƙarshen damina ne, siminti da danshi, ni da silifas, gumi na shiga idona. Sai malamin kimiyya, mai takardar shaida, ya ce a ransa: bari in dafe ta a jikin ƙarfen cikin akwatin da hannun hagu, minti ɗaya ne.

Na zaro hannun. Saura kamar faɗin yatsa in taɓa ƙarfen aka damƙe mini wuyan hannu.

Damƙa ce ta mutum, tafin hannu mai kaushi, mai sanyi kamar gindin randa. Na kalli madubi, ina ganin kafaɗata, ina ganin bango, babu kowa. Na ja, aka ƙara matsewa, aka lanƙwasa hannun aka tura shi cikin aljihuna kamar yadda ake yi wa ɗan firamare, sannan aka sake ni.

 Na ɗauki testa, sukudireban gwada wuta, da hannun dama na dangwala ƙarfen. Ta kama ja jawur. Na kashe na duba: wani ya tsallake taransifomar da ke raba akwatin da wutar gari, ya haɗa kai tsaye da guntun waya. Duk ƙarfen nan a raye yake.

Na fito na nuna wa Mama hannuna. Shaida ta kwanta raɗau, babban yatsa da yatsu uku. Ta ajiye wuƙa, ta daɗe tana dubawa.

"Tarago ya cinye masa yatsa ɗaya," ta ce.

"Wa, Mama?"

"Papa, mijina. Shi ya yi wannan haɗin waya. A bayan akwatin nan muka same shi a mace."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"Likita ta ce zuciya ne, Tica. Ni ban sani ba sai yau."

Na koma, na cire wayar, na sa wata taransifoma daga jakata, na kai wutar ɗari da ashirin da uku. Hoton ya tsaya cak. Ban yarda na sake duban madubin ba.

Masu buɗe bayan tsofaffin akwatuna, ku fara dangwala testa, ku tambayi wanda ya taɓa shi kafinku da kuma inda yake yanzu. Har yau ina koya wa ɗalibai cewa a ɗakin gwaji babu abin da ba shi da bayani. Sun lura dai duk sanda na faɗi haka, hannuna na hagu yana aljihu.