Ja da Kore a Bikin Yayata

Duk wanda ya ce hoton bikin yayata ya lalace bai san hoto ba. Kuma masu cewa da gangan na yi don in kunyata Mama, su ma su huta. Hoton nan shi ne abu mafi kyau da ya fito daga bikin, har da shinkafar.

A lokacin ina koyon aiki a shagon wani tsohon mai hoto a Kudenda, inda ma'aikatan kamfani ke zuwa yana ɗaukar su hoton fasfo. Oga muke ce masa. Da na ce hoton baƙi da fari nake so in koya, sai ya miƙo mini ƙwai a kan farin faranti.

"Ɗauka. Ina so in ga inda ƙwai ya ƙare faranti ya fara."

Na ɗauka. Fari fat, kamar bango.

"Madalla," in ji shi. "Kin ɗauki hoton ba komai."

Bayan ƙwai sai gawayi a kan baƙar leda. Na gaji, na ce ni mutane na zo ɗauka, ba kayan girki ba. Ya ce mutum ya fi gawayi wuya, domin gawayi ba ya cewa a ƙara masa haske. Shi ya koya mini in kanne ido in manta da launi, in duba inda haske ya zauna da inda inuwa ta kwanta. A hankali na fara ganin launin toka kala-kala inda da nake ganin abu ɗaya.

Ana nan bikin Yaya ya taso, rigimar anko ta biyo baya. Mu muka zaɓi ja, dangin ango daga Filato suka zaɓi kore. Wata gwaggon ango ta ce a gaban mutane wai ta ji mu ba mu da yawa, ko a taimaka mana da 'yan zaman benci? Daga ranar Mama ta daina barci. Ta sa wa matan zumunta ja, ta sa wa maƙwabta ja, har mai sayar mata da tumatir sai da ta ɗinka. Burinta ɗaya: hoton taro a ƙofar coci, ta rataye a falo, ja ya danne kore, kowa ya ƙirga da idonsa.

"Ke za ki ɗauka," ta ce da ni. "In ga amfanin yawon da kike yi."

Ranar bikin akwai hadari, hasken ya yi laushi kamar an tace shi. Yaya baƙa ce sosai, ga farar riga. A hoton waya, ko rigar ta ƙone da haske ko fuskar ta ɓace. Na kanne ido, na ga abin da na sha wahalar ƙwai da gawayi dominsa. Na juya kyamara zuwa baƙi da fari na danna. Ba wadda ta fita daga layi ta ɗauka da waya, kowa na tsoron a rage ƙidaya.

Da aka wanke hoton, zaren leshin rigar Yaya ya fito ɗaya bayan ɗaya, kumatunta na sheƙi, har gumin goshin Baba ana gani. Amma jan nan da koren nan, ashe nauyin haskensu ɗaya ne. Duka suka koma toka iri guda. Mata sun cika hoto kamar 'yan gida ɗaya.

Oga ya yi dariya har da tari. "Fasto ya yi wa'azin haɗin kai bai samu ba, ke kin samu da dannawa ɗaya."

Mama ba ta yi dariya ba.

"Ina mutanena?"

"Ga su nan, Mama. Dubi fuskar Yaya."

"Na san fuskarta, ni na haife ta! Ina jan?"

Na ce babu, kyamarar ba ta ajiye shi ba. Ta ce in je wajen masu kwamfuta su mayar. Na ce ni ba mai fenti ba ce. Ta dube ni, ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar jan farce. Ta zauna ta bi hoton kai bayan kai tana ɗiga wa nata ja a ɗankwali. Ina tsaye ta ɗiga wa mata uku na dangin ango.

"Mama, waɗannan kore suka sa."

"Wa zai tabbatar?"

Hoton yana nan a falo yanzu, kamar taron da ƙyanda ta kama. Duk baƙon da ya shigo sai an sa shi ya ƙirga.

Ni kuwa na yanke shawara. Zan wanke wani, babba, a sa masa gilashi a manne bayan da ƙusa yadda jan farce ba zai kai gare shi ba, in kai gidan Yaya da kaina. Ranar da zan kai kuma sai na tabbata gwaggon ango tana nan, in ga yadda za ta ƙirga nata.